In An Ce Ba Ka Iya Ba, Ka Ce A Nuna Maka Wurin

A Unguwar Gai, kamar sauran garuruwan ƙasar Kibiya da Rano, yaron da aka gane yana rubuta waƙa ko labari ba ya kwana biyu bai sami laƙabi ba. Da ya ɓullo majalisa za ka ji an ce ga Shata nan, a matsa masa ya zauna. Wani ya ce a'a, ai Abubakar Imam ne, kowa ya iya bakinsa kada a saka shi a littafi. A kwashe da dariya, shi ma ya yi yaƙe, ya ƙara cusa ɗan littafinsa cikin aljihu. Na yarinya ya fi nauyi, domin ita ba a tsaya mata a zolaya, sai a shiga tambayar ina ta san irin waɗannan maganganu da take rubutawa. Ƙannena maza da mata, da ku nake, ku da kuke rubutu da hasken waya bayan kowa ya kwanta. Zolayar majalisa ba ta taɓa karya alƙalamin kowa ba. Abin da ke karya shi tun bai yi ƙwari ba shi ne mutum ya rasa wace magana zai ɗauka a cikin maganganun jama'a, sannan ga wata murya a ƙirjinsa tana ce masa: wane kai?

Ma'aunin da zan ba ku yana nan kusa, a tsangaya. Ku je ku tsaya ku ga yadda ake darasu. Gardi ya yi satu, ya cika allonsa gaba da baya, ya kawo gaban alaramma ya durƙusa. Alaramma ya riƙe alƙalami yana bin rubutun baƙi bayan baƙi. In ya iske ɗigo ya ɓace, ko wasalin sama ya koma ƙasa, sai ya tsaya daidai nan, ya dangwali tawada ya gyara. Wata rana da harara, wata rana har da baƙar magana a gaban ƙolawa. Gardin nan ga shi da gemu, wataƙila ma da iyali, amma ba za ka ji ya tashi yana cewa malam hassada yake yi masa ba, saboda an nuna masa wurin. Ga allo, ga layi, ga baƙin, idonsa ya gani. Kai, ko wanda ya kai ga rubuta Alƙur'ani sukutum da ka, ba ya ɗaure shi a gafaka sai ya kai wa wasu alarammomi sun bi shi takarda-takarda.

To haka za ka riƙa yi wa duk maganar da aka faɗa a kan aikinka: ka saurara ka ji ko tana da wurin da ta dafa. Wani ya ce maka, "A shafi na bakwai ka ce mahaifin yarinyar ya rasu tana goye, a shafi na talatin kuma ga shi yana karɓar sadakinta." Wannan gyara ne, ko da an haɗo shi da zagi, ko da wanda ba ya amsa sallamarka ne ya faɗa. Wata ta ce miki, "Baiti na huɗu ya fi 'yan'uwansa tsawo, in an zo rerawa numfashi yankewa yake, kuma amsa-amon ya sauya a tsakiya." Gyara ne. Malamin Hausa ya ce kana raba "yana" gida biyu, kana cure "shi ne" wuri guda, kuma ba ka sa wa ƙ da ɗ da ɓ ƙugiya. Gyara ne, mai arha kuwa, mako guda ya isa ka rabu da wannan. Amma "kai dai ba ka iya ba", da "wannan ai shirme ne", da "ɗan wa ye shi da zai yi littafi", duk ba su dafa ko'ina ba. In an faɗa maka irinsu kada ka yi fushi, kada kuma ka yarda. Ka ce, "Yaya, a wane wuri? Malam, nuna mini in gyara." In ya nuna, ka ci riba. In ya hau kame-kame, ka gane da kai yake, kuma sau da yawa za ka tarar ko shafi biyu bai karanta ba.

Yabo ma da wannan mudun za ka auna shi, kuma a ganina ya fi suka haɗari, don shi ba ya ciwo. Yanzu da labari ke yawo a waya, kana saka babi ɗaya a WhatsApp za a rufe ka da "wallahi ya yi daɗi", "Allah ya ƙara basira", "muna jiran ci gaba". Ka amsa addu'a da amin, amma kada ka ɗauka an gaya maka wani abu game da rubutunka. Mai yabon da zai amfane ka shi ne wanda zai ce wurin da uwar ta juya baya tana kwashe tuwo don kada ɗanta ya ga hawayenta, nan ne ya taɓa shi. Wannan ya nuna maka abin da ka iya, sai ka ƙara riƙe shi.

Shi kansa Abubakar Imam da ake zolayarku da sunansa, da gyara mai ɗaci ya fara. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar ƙagaggun labarai da Hausar boko. Imam yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina, shekarunsa 22, ya aika da Ruwan Bagaja. East ya ga basira, amma ya ga wani abin kuma: wasu daga cikin labaran ya san su a wasu littattafai. Bai ɓoye ba, ya rubuta masa ya gaya masa. Ku duba nauyin maganar. Saurayi ya zuba ƙarfinsa a littafinsa na fari, sai alƙalin gasa ya ce masa wannan da wannan ba naka ba ne. Da wani ne, daga nan ya jefar da alƙalami, ya ce Bature ya raina masa wayo. Imam ya tsaya aka yi aiki, littafin ya fito tare da Ganɗoki na wansa Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Abin da ya biyo baya ne ya fi ba ni sha'awa. A 1936 East ɗin nan dai ya nemi a ba shi aron Imam zuwa Zariya, ya tara masa littattafan labarun Larabawa da na Turawa da na wasu ƙasashe, ya ce ya duba ya yi wa yaran makaranta littafin karatu. Mutumin da ya yi ƙorafin aro, shi ne kuma ya kawo kayan aro. Ashe ƙorafin bai hana ɗaukowa daga wani wuri ba, abin da ya hana shi ne a ɗauko a ajiye ɗanye. Imam ya gane wannan. Labarin da ya fito daga Bagadaza ko Jamus, kafin ya bar hannunsa ya zama na fada da kasuwa da zaure, da sarki da waziri da aku mai bakin tsiya, har mai karatu ya rantse a garinsu aka yi. Magana Jari Ce ke nan, littafi uku, kuma a 1939 aka damƙa masa editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Gyaran da ya fi yi maka zafi, sau da yawa in ka zauna da shi za ka ga bai ce ka bar abin da kake yi ba, cewa ya yi ka iya shi.

Akwai kuma sukar da ba a yi wa mutum ɗaya, a yi wa tsara guda, kuma wannan a Kano aka yi ta, iyayenku mata da yawa sun shaida. Daga tsakiyar shekarun 1980 matasa suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, tunda manyan kamfanonin ɗab'i ba su da lokacinsu. 'Yan ƙananan littattafai ne a takarda mai arha, na ɗaya da na biyu da na uku, ana sarinsu a kasuwar Sabon Gari, ana ba da hayarsu a unguwanni, suna shiga har ɗakunan amare a ƙauyukanmu. Ibrahim Malumfashi ya raɗa musu suna Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da 'yan littattafan da aka taɓa yayi a kasuwar Onica, ya ce ba su da zurfi, soyayya ce kawai da kwaikwayon finafinan Indiya, kuma za su shuɗe kamar yadda na Onica suka shuɗe. Ibrahim Sheme ya buɗe wa muhawarar fili a jarida, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya wa marubutan, aka shafe shekaru ana ba-ta-kashi da alƙalami. A gefe guda kuma masu wa'azi da iyaye suna cewa littattafan suna ɓata tarbiyya. Aka kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001. A watan Mayun 2007, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, aka tara littattafan da aka karɓe daga hannun 'yan mata 'yan makaranta aka cinna musu wuta a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Bayan haka hukumar tacewa ta nemi marubuta su yi rajista, aka sake sabon rikici.

Ni dai hukuncina a kan wannan faɗa bai yi wa kowane ɓangare daɗi ba. Rabin maganar masu suka tana da wurin da ta dafa. Ka buɗe da yawa daga littattafan wancan zamani za ka ga ƙa'idar rubutu a watse, labarin da shafi sittin ya ishe shi an ja shi littafi uku don a sayar sau uku, kowace yarinya 'yar hamshaƙin attajiri ce, kowane saurayi da mota ƙirar yayi. Waɗanda aka gaya wa haka suka ce hassada ga mai rabo taki ce, suka ci gaba yadda suke, yau ko a wurin masu tsofaffin littattafai da ƙyar ka sami sunansu. Wannan karin magana gaskiya ce, amma ta zama mafakar malalata, ku yi hattara da ita. Sai dai masu sukar sun yi kure a inda suka yi wa kowa kuɗin goro, suka kuma yi wa abin da ke da rai jana'iza.

A cikin tsarar nan da aka raina akwai Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙaramar yarinya, sai daga baya ta koma ajin yaƙi da jahilci. A 1990 ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne, labarin magidancin da ya wulaƙanta uwargidansa da 'ya'yanta saboda sabuwar mace, da kuma Wa Zai Auri Jahila?, a kan auren dole da hana 'ya mace karatu. Wannan ba shi ne zancen saurayi da budurwa da ake cewa shi kaɗai suka iya ba. A 2012 kamfanin Blaft na birnin Chennai a Indiya ya buga fassarar Alhaki da Aliyu Kamal ya yi zuwa Turanci, kuma yau ana nazarinta a jami'o'i. Akwai Ado Ahmad Gidan Dabino, haifaffen Ɗanbagina ta Dawakin Kudu, nan bayanku, wanda shi ma a makarantar manya ya kama boko. Littafinsa In Da So Da Ƙauna ya fito a 1991, ya zagaye ƙasar Hausa, kuma a 2014 aka ba Ado lambar girmamawa ta ƙasa, MON. Su da abokansu na ƙungiyar Raina Kama ba su tsaya jiran a yarda da su ba, sun taimaki juna wajen bugu da talla, suna ta aiki ana ta surutu. A Kudu ma an yi irin haka: lokacin da aka buga littafin Amos Tutuola a Landan a 1952, 'yan bokon ƙasarsa ne suka fi kushe shi, wai Turancinsa zai ja musu abin kunya, kuma ga shi har yau ana karanta shi cikin harsuna da dama.

Sukar waje ke nan, kuma ita tana da sauƙi, don mai yin ta yana gajiya ya tafi gida. Ta ciki ita ce mai kwana da kai. Ka rubuta shafi ashirin kana jin kai ne kai, washegari ka karanta ka ji kamar ka tura su murhu. Ka ɗauki littafin wani gwani ka karanta shafi ɗaya, jikinka ya mutu, ka ce ni me nake yi? Sai ka shiga zargin ko ɗan abin kirkin da ka taɓa rubutawa ma sa'a ce ta gifta, kuma wata rana asirinka zai tonu.

Ku tambayi malaman zaure labarin Hariri mai Maƙama. Hariri mutumin Basra ne, ya rasu a 1122, kuma littafinsa har yau shi ne ma'aunin wanda ya ƙoshi da Larabci a zaurukanmu. Imam ma ya faɗa da bakinsa cewa dabarar mutum biyu masu yi wa juna wayo, wadda ya gina Alhaji Imam da Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja a kanta, daga can ya gano ta. Ibnu Khallikan ya kawo cewa bayan Hariri ya rubuta maƙama arba'in ya kai su Bagadaza, sai wasu masana suka ce ƙarya yake, ba aikinsa ba ne, takardun wani mutumin Magrib ne da ya rasu suka faɗo hannunsa. Waziri ya kira shi fada, ya ba shi batu, ya ce ya rubuta wani abu a kai nan take. Hariri ya ɗauki tawada da takarda ya koma gefe guda, ya zauna, ya daɗe, ko layi ɗaya bai zo masa ba. Ya tashi cikin kunya, mawaƙa suka yi masa zambo, har da yadda yake fizgar gemunsa in yana tunani. Ku tsaya ku ji wannan da kyau: gwanin gwanaye ne, an zarge shi da sata, an ba shi damar wanke kansa a gaban manya, kansa ya kulle. Duk wanda ke wurin ya tafi da yaƙinin zargin ya tabbata. Me ya yi? Ya koma Basra, ɗakinsa da ya saba, ya rubuta wasu goma ya aika, ya ce kwarjinin fada ne ya ɗaure masa harshe. Hamsin ɗin da ake karantawa yau ke nan.

Saboda haka ranar da kanka ya kulle ba ranar yanke wa kanka hukunci ba ce. Ita ma muryar ciki ka yi mata tambayar da ka yi wa ta waje: a ina? In ta ce maka hirar nan da ke babi na uku ba haka mutane ke magana ba, ka gode mata, wannan ita ce idon marubuci, wanda ba shi da ita ba ya ci gaba. In kuwa ta ce kai gaba ɗayanka ne ba ka dace ba, waswasi ne, ka yi ta'awwizi ka ci gaba da shafin da kake. Kuma ka ƙarasa. Yawancin masu cewa ba su iya ba, ba su taɓa kai labari ɗaya ƙarshe ba balle su san ko sun iya. Suna da farkon labari goma a jaka, kowanne an yar da shi a daidai inda zumuɗi ya ƙare aiki ya fara. Mummunan labarin da aka gama ana iya gyara shi. Kada kuma ka kai shafukan farko majalisa tun suna ɗanye, kalma ɗaya ta ɗan iska ta isa ta kashe su. Ka gama, ka ajiye har wata ya mutu wani ya tsaya, sannan ka ɗauko ka karanta da ƙarfi, kunnenka zai kama abin da idonka ya tsallake.

In kana son alƙalin da ba ya karɓar toshiya, ka karanta wa kakarka. Ba ta san jigo da salo da warwara ba, amma ta san Hausa, kuma ta yi shekara sittin tana jin labari. Ka zauna kusa da ita tana ɓarar gyaɗa, ka karanta kana satar kallon hannunta. Inda hannun ya tsaya, ta ɗago ta ce "sai aka yi yaya?", ka sa alama, wurin ya yi. Inda ta juya ta kori akuya ko ta hau kiran jikanta, nan ma ka sa alama, labari ya kwanta. In ta ce "wannan kuma wace irin magana ce?", ka duba da kyau, galibi Turanci ne ka sa wa rigar Hausa.

Akwai wata shakka da ba a gane ta saboda ta yi shigar burga. Yaro ya tashi a Unguwar Gai, bai fi sau nawa ya je Kano ba, amma labarinsa a Nasarawa GRA yake farawa ya ƙare a Dubai, jarumin yana da kamfani uku, jarumar ba ta shan ruwa sai na gora. In ka bincika, abin da ke ƙasan wannan shi ne ya ɗauka rayuwarsa ba ta kai a rubuta ba. Sai ya rubuta abin da bai sani ba, ya fito a gurguje, a kushe, ya ƙara tabbatar wa kansa bai iya ba. Alhali ya san yadda gida yake komawa in maza sun tafi ci-rani, ya san rikicin gado a kan gona ɗaya tsakanin 'yan uba, ya san abin da ke fuskar magidanci in ruwa ya ɗauke gero na shirin fitar da kai, ya san yadda dillali ke magana in yana son ya ci ta gaba ya ci ta baya. Marubucin birni sai ya yi tattaki ya yi tambaya kafin ya sami rabin wannan. Hausar bakinku kuma kada wani ya sa ku jin kunyarta. Rano tana cikin Hausa Bakwai, kuma kalmomin da tsofaffinku ke amfani da su na noma da saƙa da aure da rashi, da yawa yaran birni sun manta. Ku bi daidaitacciyar ƙa'ida wajen rubutawa, amma ku bar wa mutanen cikin labari bakinsu.

Maganar gida daban take, ba a yi mata "nuna mini shafin" da tsayayyen ido. Mahaifin Mamman Shata bai so ɗansa ya yi waƙa ba, don a wurinsa roƙo ne, kuma mutumin nan ya rayu har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Amma kada wani ya ɗauki wannan ya mai da shi lasisin saɓa wa iyaye. Tsoronsu yana da tushe: suna gudun ka bar karatu ko gona ka kama abin da ba ya kawo abinci, suna gudun abin da za a ce. Ka riƙe sana'arka da karatunka, domin a ƙasar nan waɗanda rubutu kaɗai ke ciyarwa ba su da yawa, sannan ka bari su ji aikinka daga bakinka kafin su ji a bakin 'yan tsegumi. Ke kuma ƙanwata, ki sani mutanenmu suna karanta labarin mace kamar ikirari. Kika rubuta matar da mijinta ke duka, za a zo yi miki jaje. Kika rubuta budurwa mai saurayi biyu, za a fara ƙirga naki. Wannan jahilcin mai karatu ne, kada ya hana ki taɓa abin da ke ci wa mata tuwo a ƙwarya, amma ki karanta wa Inna ko Yaya ko maigida tun da wuri, don in magana ta taso ki sami mai cewa ai na san labarin, ƙirƙira ce. In kuma aka ce akwai batsa a wuri kaza, kika duba kika ga akwai, ki cire, ba ta ƙara wa labari komai sai masu karatun da ba za ki so a gan ki da su ba. Haka nan garinmu ƙarami ne. Kada ka ɗauki maƙwabcinka da gurguwar ƙafarsa da sunan matarsa ka saka a labari, in ya zo da sanda ka ce ana tauye fasaha.

Gasa kuwa ku shiga, amma ku san me ake nufi da faɗuwa a cikinta. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata, labarai ɗaruruwa ke shiga, uku ake ba kyauta. Rashin jin sunanki bai ce ba ki iya ba, ya ce dai alƙalan bana sun fi son wasu uku. Hafsat Abdulwaheed ta biyu ta zo a gasar kamfanin ɗab'i na NNPC da So Aljannar Duniya, wanda aka buga a 1980, kuma ita ake lissafawa mace ta farko da aka buga wa ƙagaggen labari da Hausa. Ribar gasa ta tabbas ita ce wa'adi da iyakar kalmomi, suna tilasta maka ka gama kuma ka rage surutu.

Abin da ya fi gasa amfani shi ne zama. Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, ANA, reshen Kano ta daɗe tana zaman da marubuci zai karanta aikinsa a yi masa sharhi ido da ido. Wanda ya sami kuɗin mota ya je ko sau ɗaya ya ga yadda ake yi, zai ga manya ma ana tsayar da su a kan jimla. Amma ba sai an je birni ba. Mutum huɗu sun isa, a ajin firamare bayan an tashi ko a zauren wani dattijo da ya yarda, mata kuma a cikin gida. Kowa ya zo da shafi uku. Mai karatu ya karanta, sannan ya yi shiru har kowa ya gama magana, yana rubuta abin da aka ce, ba gardama, ba "abin da nake nufi shi ne", domin ranar da littafi ya shiga hannun baƙo ba ka nan balle ka yi bayani. Mai sharhi ya fara da wurin da ya yi kyau, ya faɗi shafi da layi, sannan ya faɗi inda ya yi tuntuɓe. Ba dole ka karɓi duk abin da aka ce ba. In mutum ɗaya ne ya yi ƙorafi, wataƙila ɗanɗanonsa ne. In uku suka tsaya a wuri ɗaya, akwai matsala a wurin, ko da maganin da suka kawo ba shi ne ba. Ka tafi gida ka kwana a kai, zama na gaba ka dawo da gyararre. Wanda kuma kullum da baki yake zuwa, ba ya zuwa da takarda, ku ba shi aikin dafa shayi.